Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Galaksi da Nebula Daga Sararin Katsina da Daura

A 'yan watannin nan, yawancin wasiƙun da ke shigowa wannan fili a kan abu guda suke, wato yadda mutum zai ɗauki hoton abubuwan da ke can ƙuryar samaniya da kayan aikin da aljihunsa zai iya ɗauka. Abubuwa biyu aka fi tambaya a kansu. Akwai galaksi, wanda tarin taurari ne da yawansu ke kai biliyoyi, irin wanda ranarmu take ciki. Akwai kuma nebula, wadda gajimare ce ta iskar gas da ƙura, kuma a cikin wasunta ne sababbin taurari ke samuwa. Na zaɓo wasiƙun da suka fito daga Katsina da Daura da kewayensu, domin samaniyar da ke bisa kansu ɗaya ce, matsalolinsu ma kusan ɗaya ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare, ina zaune a Ƙofar Sauri cikin birnin Katsina. Ina da tsohuwar kyamarar Canon da na saya ta hannu, tare da lens mai milimita 50. Ina tara kuɗi domin in sayi madubin hangen nesa in ɗauki hoton Andromeda. Wane girma ya kamata in nema?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka dakata da sayen madubin tukuna, domin abin da ke hannunka ya isa ya ɗauko maka galaksin Andromeda. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙanta ce ke hana mu ganin waɗannan abubuwa, alhali kuwa raunin haskensu ne. Andromeda tana nesa da mu da tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 2.5, amma duk da haka faɗin da take ci a sama ya kai digiri 3, wato kusan ninki shida na faɗin wata daren sha huɗu. Wanda ya auna ta da babban madubi tsakiyarta kawai zai kama, sauran jikinta ya zube a gefe. A wuri mai duhu ido ma yana ganinta, shi ya sa masanin falaki Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta a littafinsa na taurari tun shekarar 964 Miladiyya, inda ya siffanta ta da ƙaramin gajimare. Siffarta ta murɗaɗɗen faifai kuwa sai a 1888 ta fito fili, a hoton da wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Isaac Roberts ya ɗauka, kuma abin da ya taimake shi shi ne barin kyamara a buɗe na tsawon sa'o'i.

Hasken da ke isowa daga irin wannan nisa kamar yayyafi yake: wanda ya ajiye kwano na minti ɗaya ba zai tarar da komai a ciki ba, wanda ya bar shi har asuba zai sami ruwa. Aikin duka na tara haske ne a kan sensar kyamara na lokaci mai tsawo. Inda matsalar take shi ne duniya tana juyawa, taurari suna gusawa daga gabas zuwa yamma da digiri 15 a kowace sa'a, don haka idan ka bar idon kyamara a buɗe fiye da kima, kowane tauraro zai zama ɗan zane maimakon ɗigo. Masu wannan aiki suna da wani lissafi na kintace: a raba 500 da tsawon lens, wato milimitocin da ke rubuce a jikinsa, abin da ya fito shi ne yawan daƙiƙoƙin da za a iya buɗewa. Yawancin kyamarorin Canon masu sauƙin kuɗi ƙaramar sensa gare su, saboda haka sai an fara ninka 50 da 1.6, a sami 80, sannan a raba, a sami daƙiƙa 6. A ganina wannan ma ya yi yawa ga mai son taurari su fito zagaye sosai. Ka tsaya a daƙiƙa 3 ko 4.

Hoto ɗaya na daƙiƙa 3 ba zai nuna maka abin kirki ba, zai fito da duhu da tsaki-tsaki. Dabarar ita ce ka ɗauki 200 ko 300 a jere, sannan manhajar kwamfuta ta daidaita taurarinsu ta ɗora su bisa juna. Tsaki-tsakin nan yana canza wuri daga hoto zuwa hoto, shi kuwa hasken Andromeda yana nan inda yake, saboda haka idan aka haɗa su tsakin yana dusashewa, galaksin yana ƙara fitowa. Sai dai ribar ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan hotunan: hoto 4 suna ba da tsabta ninki biyu, hoto 100 ninki goma, kuma wanda yake son ya ninka abin da hoto 100 suka ba shi sai ya kai 400.

Ka kafa kyamarar a kan ƙafa-uku mai ƙarfi, ka mayar da ita tsarin saitin hannu, ka zaɓi fayil na RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara ƙarfin hasken da ta kama, a 1600. Idan ƙofar hasken lens ɗinka tana buɗewa har f/1.8, ka ɗan tsuke ta zuwa f/2.8, in ba haka ba taurarin gefen hoto za su fito da fukafukai. Wurin da sababbin shiga suka fi faɗuwa shi ne fokas. Ka kashe na kai-tsaye, ka auna wani tauraro mai haske, ka ƙara girmansa sau goma a allon kyamara, ka riƙa murza zoben lens a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan ka manne zoben da salatif don kada ya motsa. Kada ka danna maɓalli da hannu, ka sami ɗan rimot mai ƙidayar lokaci, ba shi da tsada. Bayan kowane hoto 30 ko 40 ka ɗan juya kyamarar ka mayar da Andromeda tsakiya. Manhajar Stellarium za ta nuna maka inda take. Abin da za ka samu da milimita 50 ɗan ƙwai ne mai haske a tsakiya da hazo-hazo a kewaye, amma naka ne, kuma ɗalibanka za su yarda da shi fiye da wanda aka sauko da shi daga intanet. Kuɗin da kake tarawa kuwa, na'urar bin taurari, wadda ke juya kyamara tana bin tafiyarsu, ya kamata su fara saya, sannan lens mai milimita 135, madubin hangen nesa ya zo daga baya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Daura, ba ni da kyamara sai wayar hannu. Ashe ni ba ni da rabo a wannan harka ke nan?

Amsa: Kina da rabo, ƙanwata, sai dai yana da iyaka. Sensar waya ƙarama ce, lens ɗinta kuma mai faɗin gani ne, don haka ƙananan galaksi ba za su fito miki ba. Abin da za ki samu shi ne farin zanen nan na taurari da ke ratsa sama, wanda shi ne jikin galaksin da muke ciki, da Kaza da 'Ya'yanta, da Nebular Oriyon a matsayin ɗan tabon haske ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Oriyon. Ki duba ko kyamarar wayarki tana da sashen da ake saita komai da hannu. Idan akwai, ki sa daƙiƙa 10 zuwa 15, ISO tsakanin 1600 da 3200, ki tura fokas zuwa mafi nisa, ki jingina wayar yadda ba za ta motsa ba, ki sa mata jinkirin daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka. Ki ɗauki 30 ko 40 ki haɗa su a kwamfuta da manhajar Sequator, wadda kyauta ce. Wayoyin Google Pixel suna da wani tsari da ke yin wannan haɗin da kansa cikin kimanin minti 4.

Akwai kuma wata hanya ga makaranta ko ƙungiyar ɗalibai da za su iya haɗa kuɗi. A 2023 kamfanin ZWO ya fito da Seestar S50, ƙaramin madubi mai faɗin baki milimita 50, wanda ake sarrafa shi da waya. Shi yake nemo abin da aka zaɓa, ya bi shi, ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana tara su, mutum yana kallon nebula tana fitowa a allo sannu a hankali. Domin nuna wa jama'a yana da kyau ƙwarai. Amma mai son ya san yadda aikin yake gudana daga tushe zai fi ƙaruwa da tsohuwar kyamara.

Tambaya: Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna a Katsina. Na sayi na'urar bin taurari ta Star Adventurer, amma duk lokacin da na wuce daƙiƙa 30 da lens mai milimita 200 taurari sai su ja wutsiya. Na'urar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, na fi zargin saiti a kan na'urar. Wannan na'ura tana juya kyamara ne da saurin da duniya ke juyawa, amma ba za ta yi daidai ba sai sandar da take juyawa a kai ta fuskanci cibiyar sama ta arewa, wurin da dukkan taurari ke kewayawa. Alamar wurin ita ce tauraron arewa, Polaris, kuma tsayinsa daga gindin sama daidai yake da nisan gari daga layin da ya raba duniya biyu. Katsina da Daura duk suna wajen digiri 13 ne a arewa, saboda haka Polaris a wurinmu digiri 13 kawai yake ɗagawa. Idan ka miƙa hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, ka ga ke nan katangar gida ko bishiyar darbejiya ta isa ta ɓoye shi, kuma a wannan ƙasa-ƙasan ne ƙura da hasken gari suka fi taruwa. Littattafai da bidiyoyin da ake koyon wannan aiki da su galibi mutanen Turai da Amurka ne suka yi su, inda tauraron yake can sama, shi ya sa ba su cika damuwa da wannan matsala ba.

Ka nemi wurin da arewa take a buɗe, kamar saman bene ko bakin fili. Ka daidaita ƙafa-uku ta zauna sosai, ka saita ma'aunin gindin na'urar a 13. Ka kuma sani cewa Polaris ba a kan cibiyar yake daidai ba, ya kauce mata da abin da ya ɗan haura rabin digiri, kuma yana kewaya ta. Shi ya sa ɗan madubin da ke cikin na'urar yake da da'ira mai kama da fuskar agogo, kuma akwai manhajojin waya da ke nuna inda za a ajiye tauraron a kan da'irar a wannan sa'ar. Wanda ya sa shi a tsakiya ya yi kuskure tun daga farko. Bayan ka ɗora kyamara ka sake leƙawa, domin nauyinta yakan gusar da saitin. Ka daidaita nauyin ɓangaren kyamara da na ɗaya ɓangaren na'urar, ka ɗaure duk abin da ke sassauce. Idan ka yi wannan, daƙiƙa 60 da milimita 200 ba abin wahala ba ne, kuma ba sai ka wuce haka ba, tunda tarawa za ka yi. A daren da ƙura ta rufe Polaris, masu haɗa kyamara da laftof suna iya amfani da manhajar NINA, wadda ke da hanyar lissafa saitin daga wasu sassan sama.

Ga masu tunanin sayen manyan na'urori masu sandar nauyi, su bincika tun kafin su biya ko na'urar tana sauka zuwa digiri 13, domin a wasu nauyin yana bugun ƙafar, sai an ƙara mata wuya.

Wanda kuma kuɗinsa bai kai ba, kafinta zai iya haɗa masa tasa. Falanki biyu ne a haɗa su da hinjin ƙofa, a huda na ƙasa a sa ƙusa mai zare irin M6, wadda ke ci gaba da milimita 1 a kowane zagaye. A bar tazarar milimita 229 tsakanin tsakiyar hinjin da ƙusar, a ɗora kyamara a falankin sama, a auna layin hinjin zuwa Polaris, sannan a riƙa murza ƙusar zagaye ɗaya a kowane minti ana bin hannun daƙiƙa na agogo. Wani mutumin Sikotland mai suna George Haig ne ya bayyana wannan dabara a 1975. Da lens mai milimita 50 ko ƙasa da haka tana aiki sarai.

Tambaya: Daga Mai'aduwa nake rubutowa. Na karanta cewa Disamba da Janairu ne lokacin Oriyon, amma a lokacin nan hazo yake rufe mu. Yaushe ne ya fi dacewa a wurinmu?

Amsa: Malam, wannan tambaya ta fi ta kayan aiki muhimmanci, kuma amsarta ba ta cikin kalandar Turawa. Hazon hunturu ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Tana rage hasken taurari, sannan tana kama hasken fitilun gari ta watsa shi ko'ina, sama ta koma ruwan ƙasa. Abin takaici shi ne sanyin hunturu shi ne sensar kyamara ta fi so, domin tsakin da zafi ke haifarwa yana ninkuwa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 6. Bazara kuwa ta haɗa zafin da ragowar ƙurar.

Lokacinmu na gaske shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa shigowar hazo, lokacin da damina ta wanke sama kuma gizagizai sun janye. A tsakiyar Nuwamba Andromeda tana kaiwa ƙololuwarta tsakanin ƙarfe 9 da 10 na dare, a tsayin digiri 62. Kaza da 'Ya'yanta suna biyo ta, su kusan tsaya a bisa kai. Oriyon ma ba sai ka jira Janairu ba, domin a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba yana tsakiyar sama wajen ƙarfe 3 zuwa 4 na dare, nebularsa tana kai digiri 72, kuma ka gama aikinka kafin kiran assalatu. Abin lura a kaka shi ne raɓa, wadda ke kwanciya a gilashin lens ba tare da mutum ya ankara ba, don haka ka riƙa haska shi lokaci lokaci. A cikin hunturun ma akan sami 'yan kwanaki da iska ke kwantawa sama ta buɗe. Idan da rana ka ga sama shuɗiya har ƙasa-ƙasa, ka shirya kayanka. Ko da ɗan hazo, abin da ke bisa kai ya fi tsira, domin haskensa ba ya ratsa ƙura mai kauri kamar na abin da ke gindin sama.

Zamanmu a digiri 13 yana da ribar da mutanen Turai ba su da ita, wato muna ganin sashe mai yawa na samaniyar kudu. Nebular Karina, wadda ta fi ta Oriyon faɗi, tana ɗagawa digiri 17 a kudu, wajen ƙarfe 10 na dare a Afrilu, ga wanda ya yi dace da dare marar ƙura. Tsakiyar galaksinmu da Nebular Lagun suna kai wajen digiri 50 a tsakar daren Yuni da Yuli, kuma daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi, idan hadari ya watse, babu samaniyar da ta kai shi tsabta a duk shekara.

Sai batun wata. Haskensa yana shafe galaksi da nebula kamar yadda fitilun gari ke yi, kuma a nan lissafin watan Musulunci ya sauƙaƙa mana. Daga 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga mai kamawa, kusan duk daren duhu ne. Daga nan zuwa 9 ko 10 sai an jira wata ya faɗi, bayan 19 kuwa farkon dare ne ke da duhu kafin ya fito. Daga 11 zuwa 17 a huta, ko a ɗauki hoton watan kansa.

Tambaya: Na ɗauki hoto 250 na Oriyon a bayan garin Daura, na haɗa su da manhajar DeepSkyStacker. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin sai 'yan taurari. Da na ƙara masa haske sai wasu baƙaƙen zobba suka bayyana, kusurwoyinsa suka yi duhu, gefe ɗaya kuma ya yi ja. Wahalar banza na yi?

Amsa: Ba ka yi wahalar banza ba, ɗan'uwa, hotonka yana nan cikin wannan baƙin. Kyamara tana ajiye haske ne gwargwadon yadda ya zo, kuma tunda nebula ta fi taurari rauni nesa ba kusa ba, duk bayaninta yana cunkushe a ɓangaren duhu, sai an jawo shi. Amma idan aka jawo shi, duk wani aibi na lens da sensa yana biyo shi, kuma su ne ka gani. Zobban nan inuwar ƙura ce da ke kan sensa, duhun kusurwa ɗabi'ar lens ce, jan gefe kuwa hasken gari ne.

Maganin biyun farko ana ɗaukarsa ne tun a fili. Idan ka gama da sama, kada ka taɓa fokas, kada ka cire lens. Ka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a bakin lens ka ɗaure da roba, ka kara masa farin allon laftof, ka bar kyamara ta zaɓi saurin da zai ba da haske matsakaici, ka ɗauki 20 zuwa 30. Waɗannan hotunan farin fili su ne ke nuna wa manhaja inda ƙura take da inda haske ya ragu, ta gyara. A ƙasa mai ƙura irin tamu, ni a wurina sun fi kowane hoton gyara muhimmanci, kuma dole a sabunta su kowane dare. Sannan ka rufe lens da murfinsa ka ɗauki hotunan duhu 20 ko 30 da ISO da daƙiƙoƙi iri ɗaya da na sama, a wurin kuma a zafin da ka yi aikin, domin su ne ke cire jajaye da shuɗɗan ɗigogin da zafin sensa ke haifarwa. Na ƙarshe, da murfin a rufe, ka sa mafi saurin ƙiftawar kyamara ka ɗauki 40 ko 50.

Ina ba da shawarar manhajar Siril, wadda kyauta ce kuma tana yin haɗin da gyaran duka. Bayan haɗawa ka fara yanke gefunan da ba su daidaita ba. Sannan ka cire bambancin hasken bango, ko da Siril ɗin ko da GraXpert, nan ne jan gefen zai tafi. Daga nan sai daidaita launi, inda manhajar ke gwada taurarin hotonka da kundin taurarin da aka riga aka auna launinsu. Sai bayan wannan ne za ka jawo hasken, kuma kaɗan kaɗan, sau da yawa, kana duba taurari kada su kumbura su zama fararen dunƙule. Kada ka mayar da bangon baƙi ƙirin don ka ɓoye tsaki, domin tare da shi kake share siraran gefunan nebula da ka kwana kana tarawa. Toka-toka mai duhu shi ne daidai. Oriyon yana da wata matsala tasa: tsakiyarsa, inda taurari huɗun nan da ake kira Tirafiziyam suke, tana da haske ƙwarai, takan ƙone ta zama fari fat. Mai na'urar bin taurari sai ya ƙara da wasu gajerun hotuna na daƙiƙa 5 ya haɗa su da dogayen. Ka tanadi wuri a kwamfuta, domin fayil ɗaya na RAW yakan kai megabait 25, manhajar kuma tana yin kwafi masu nauyi yayin aiki. A lokacin hunturu kada ka canza lens a waje, kuma ka hure ƙura da ɗan famfon roba kafin ka goge gilashi, domin yashin yana karce shi.

Tambaya: Launukan nan ja da shuɗi da kore da muke gani a hotunan nebula na gaskiya ne, ko fenti ake yi musu a kwamfuta? Na leƙa madubin hangen nesa sau ɗaya, toka-toka kawai na gani. Daga wata malamar asibiti a Katsina.

Amsa: Hajiya, abin da kika gani daidai ne, abin da kyamara ta gani ma daidai ne. Ƙwayoyin ido da ke aiki a cikin duhu ba sa bambance launi, ita kuwa kyamara tana tara haske har launin ya bayyana. Jan nebula daga iskar haidurojin yake, wadda ke fitar da haske a tsawon zango na nanomita 656 idan zafafan taurari suka haska ta. Kore mai ratsin shuɗi daga iskar oksijin yake, a wajen nanomita 500. Shuɗin da ke kewaye da Kaza da 'Ya'yanta kuwa ƙura ce ke mayar da hasken taurarin. Kyamarori na yau da kullum suna da wani gilashi a gaban sensa da ke tare yawancin jan nan, shi ya sa wasu ke cire shi, ko su sayi kyamarar da aka ƙera domin taurari.

Akwai kuma hotunan da aka sauya wa launi da gangan. Shahararren hoton ginshiƙan Nebular Gaggafa da madubin Hubble da ke sararin samaniya ya ɗauka a 1995, an ba sulfa ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi, domin a bambance iskokin, tunda a zahiri sulfa da haidurojin duk jajaye ne. Madubin James Webb da aka harba a Disamba 2021 yawancin hasken da yake ɗauka ido ba ya ganinsa, don haka dole a ba shi launi. Babu laifi a wannan matuƙar an faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya zana abin da kyamararsa ba ta kama ba, ya ce hoto ne. Bayanin hasken iskokin nan yana da amfani ga mazauna cikin birni: akwai filta da ke barin hasken haidurojin da oksijin kaɗai ya wuce, da ita ana ɗaukar nebula ko a tsakiyar Katsina. A kan galaksi ba ta da amfani, domin hasken taurari ya ƙunshi dukkan launuka, haka ma fitilun sola masu farin haske da suka cika tituna yanzu. Galaksi sai an fita inda duhu yake.

Tambaya: Ɗana ya shiga wannan harka, yana so ya riƙa fita bayan gari da dare da kayansa. Hankalina bai kwanta ba, kuma maƙwabta sun fara cewa duba yake koyo. Daga wani dattijo a Ƙofar Marusa.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da yaron yake yi awo ne da hoto, babu faɗin gaibu a ciki, kuma nazarin lissafi da falaki ba baƙo ba ne a Katsina, garin da ya fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Ya gayyaci maƙwabtan su leƙa allon kyamarar su gani da idonsu. Damuwarku a kan fitar dare kuwa tana kan hanya, domin halin tsaro a wasu sassan jihar ba ɓoyayye ba ne, kuma ƙafa-uku da dogon lens a cikin duhu suna iya kama da makami a idon wanda bai sani ba. Kada ya shiga daji ko gonar da ba a san shi ba. Ya nemi gidan 'yan'uwa a ƙauyen da ke zaune lafiya, ya isa tun da rana, a kai shi ya gaida mai unguwa, a sanar da 'yan sintiri, ya yi aikinsa a cikin gida ko harabar makaranta tare da abokin tafiya, ya kwana can sai gari ya waye. Ya sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, ya rufe tocilarsa da jar leda, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana rushe wannan nan take. Kada ya haska fitilar leza sama a kusa da filin jirgin sama. Nebula masu haske irin ta Oriyon kuwa, daga saman benen gidanku ma zai iya ɗaukar su, musamman a daren da aka ɗauke wuta a unguwa.